Ranar da Aka Sake wa Ciwona Lamba

Ni ban yi boko ba, allo ma iyakata abin da zan yi salla da shi. Amma duk Ajingi, daga bakin kasuwa har unguwarmu, in ana zancen mace mai baki, a je a tambaya. Ina tuyar ƙuli-ƙuli ina ba da labari, mata su zo sayen man gyaɗa su manta sun bar miya a kan wuta. Wannan ma faɗa nake ana rubuta mini, kuma na ce kada wanda ya gyara mini magana, yadda ta fito haka za a ajiye ta.

To mace irin wannan, ranar da bakinta ya mutu kowa zai san ba lafiya ba.

Abin ya zo mini bayan an gama roron gyaɗa. Ba zazzaɓi, ba ciwon kai, ba inda zan nuna da yatsa in ce nan ne. Tuwo ya koma mini kamar ƙasa. In farka tun kafin ladan ya yi kiran farko, ƙirjina kamar an ɗora mini dutsen niƙa, in kwanta ina kallon rufin ɗaki har rana ta take. Kitsona ya tsufa a kaina ban ce a tsefe ba. Kaskon tuya ya yi ƙura. Jikoki su zo su ce in yi musu tatsuniya, in dube su, hawaye kawai ya zubo, ba tare da wani ya yi mini komai ba. An yi mini rubutu na sha, an yi tofi, Allah ya saka wa malaman unguwarmu, ba su gaza ba. Da matar autana ta ga abin ya ƙi, sai ta buga wa babban wansu waya.

Nan sai na tsaya na yi bayanin wannan babban wan nasu, don duk labarin a kansa ya rataya. Shi ne ɗana na fari, malamin makaranta ne a Gaya. Ba zan faɗi sunansa ba, ban taɓa faɗa ba tun ranar da aka raɗa masa shi. Mu haka aka tashe mu. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a zuba masa ido, ba a zama a yi hira da shi. Ana yaye shi yayar ubansa ta ɗauke shi zuwa Kademi, a can ya yi wayo, a can ya yi karatu. In dole ta sa zan ambace shi, ɗan Kademi nake cewa. 'Yan yanzu suna ganin abin kamar rashin so ne. Su suka sani. Ni dai na san wa nake fara sa wa albarka in na idar da salla.

Ɗan Kademi yana da inshorar lafiya ta wurin aikinsa, ana cira a albashinsa duk wata, kuma ashe tuni ya sa sunana a ciki har an yi mini kati mai hotona. Ya zo ya ɗauke ni zuwa asibitin Gaya da aka rubuta mu, ranar da likitan masu irin ciwona yake zuwa daga Kano.

Likitan yaro ne, bai fi autana ba, amma yana da ladabi. Ya gaishe ni da kyau, ya ce, "Iya, me yake damun ki?"

Ɗan Kademi yana zaune a gefena, gwiwarsa ta kusa taɓa zanina. Shi ya yi bayani: ba ta ci, ba ta barci, ba ta magana, sai kuka. Likita yana rubutawa. Can ya ɗago ya ce, "Ya taɓa yi mata haka a baya?"

"A'a likita, ko kusa," in ji ɗan Kademi. "Inna ai ita ce mai sa mutane dariya. Wannan ne na farko."

Ba ƙarya ya yi ba. Abin da ya sani ya faɗa. Yaron da ya tashi a Kademi ina zai san abin da ya faru a ɗakin uwarsa? Ko ƙannensa da suka tashi a gabana ba su sani ba, don duk lokacin da abin ya zo, cewa ake na tafi ganin gida Toranke, in daɗe, in dawo da ƙiba da surutuna.

Likita ya juyo gare ni. "Haka ne, Iya?"

Na dubi yatsun ƙafata. In zan ba shi amsa ta gaskiya, sai na fara daga jegon farko, wato daga haihuwar mutumin da yake zaune a gefena da gemunsa. In buɗe baki a gabansa in yi zancen ciki da wankan jego da nono? Uwata ba ta haife ni da wannan bakin ba. Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Likita kuwa ya ɗauki shirun a cikin ciwon, ya sunkuya ya ci gaba da rubutu. Ya ce sunan abin ciwon damuwa, kuma yana da magani.

Maganin ƙwaya ce 'yar mitsitsiya, ko ƙwayar wake ta fi ta. Na raina ta. Makonnin farko ba abin da na ji sai bushewar baki. Sannan wata rana matar autana ta kawo mini miyar kuka, na kai loma, na ce, "Wannan daddawar a ina kika samo ta, a bola?" Yarinyar nan ta saki ludayi ta fita tsakar gida tana rangaɗa guɗa, wai Inna ta warke, Inna ta fara faɗa. Kafin sanyi ya wuce na wanke kaskona.

Muka yi ta komawa ana ba ni maganin, ba mu biyan komai sai ɗan abin da ba a rasa ba. Bayan wasu watanni likita ya fara rage mini, ya koma rabi, daga nan ya ce an sallame ni. Ɗan Kademi har da yin sadaka. Ni na karɓi barka da kowa, amma a raina na san baƙon nan. Ba ya sallama in zai tafi, don ya san zai dawo.

Haka kuwa aka yi. Damina ta wuce lafiya, gero ya fara nuna, sai na farka wata asuba na ji gefen dutsen nan a ƙirjina. Bai gama sauka ba, amma na san nauyinsa. Ranar na ƙona ƙuli, abin da ban yi ba tun ina amarya. Na ce a'a, wannan karon ba zan kwanta ina jira ya danne ni ba, tunda na ga abin da yake ɗaga shi. Na aika Toranke a kira mini taubashiyata.

Ita 'yar kawuna ce, tare muka yi tallar gyaɗa muna yara, kuma duk zuwan da na yi Toranke da ciwon nan ita ta yi jinyata. Ta shigo tana ɗingishi, ta dube ni sama da ƙasa.

"Baiwata, an ce kina nemana. Mutuwar ce ta zo, in fara zaɓen zannuwa?"

"Zanina ko a mafarki ba zai zagaye ƙugunki ba. Ɗauki mayafinki, Gaya za mu."

"Da izinin wa? Kin faɗa wa ɗanki malam?"

"Da na so ya sani, ke zan kira?"

Muka hau motar Gaya, na ƙulle katina da tsohon kwalin maganin a bakin zani. A tagar da ake ba da magani na miƙa kwalin na ce irinsa nake so. Mutumin ya duba, ya ce mu je teburin inshora. A can muka tarar da wata yarinya mai tabarau a gaban kwamfuta, bakinta da zaƙi, tana ta ce mini Hajiya. Ban je Makka ba tukuna, amma ban hana ta ba.

Ta danna, ta danna, ta ce, "Hajiya, ai naki an rufe. An ba ki na watannin da aka amince, kin gama."

"Wa ya amince? Ni dai ba a tambaye ni ba."

Ta yi dariya, ta juyo da fuskar kwamfutar wajena kamar zan iya karantawa. Ta nuna mini wani harafi da 'yan lambobi a bayansa. Ta ce kowane ciwo a duniya yana da lambarsa. Likita yana rubuta abin da ya gano, ita kuma ta mayar da shi lamba, ta haɗa da lissafin magani ta tura Kano. Mutanen can ba su taɓa ganina ba, ba za su gan ni ba. Lamba suke gani. In magani ya dace da lamba su biya asibiti, in bai dace ba su dawo da takarda.

Nan take na gane, don mu ma haka muke yi a injin niƙa. Mai inji ba ya bin kowace mace gida ya tambaye ta me za ta dafa. Kwano yake gani da alamar da aka sa masa. In an ce ɓarza ya ɓarza, in an ce gari ya niƙa lukwi. In ɗan aike ya faɗi ba daidai ba, tsaki za a kawo miki kina shirin tuƙa tuwo, kuma ba ki da bakin zagin mai inji.

Na ce, "To ni wace alama aka sa wa kwanona?"

"Ta ciwon damuwa wanda ya zo sau ɗaya. Shi ana ba da magani na wani lokaci, in mutum ya warke a tsaya. Yanzu in kin ga likita zai iya sake buɗe miki."

"In na warke kuma a sake rufewa?"

"In dai da wannan lambar ce, haka ne."

"Wato duk shekara sai na faɗi warwas, an ga ƙeyata a ƙasa, sannan a zo a ɗaga ni?"

Ta ce akwai wata lambar, maƙwabciyar wannan, ta ciwon da yake tafiya yana dawowa. Mai irin wannan likita yakan bar shi a kan magani shekara da shekaru ko da ya ji sauƙi, don a tare ciwon tun bai shigo ba, kuma inshora tana biya ba yankewa. "Amma ke Hajiya an rubuta wannan ne na farko."

Taubashiyata ta buga sandarta a ƙasa. "Na farko? Wannan matar? Yarinya, ni na yi ta ɗura mata kunu da ludayi tun ba a haifi uwarki ba!"

"Iya, ba ni za ku faɗa wa ba," in ji yarinyar, tana danne dariya. "Ni ba na ƙirƙirar lamba, ba na kuma canzawa. In na taɓa ta da hannuna aikina ne zai tafi. Abin da likita ya rubuta shi nake bi, shi kuma abin da ya ji yake rubutawa. Kun yi sa'a yau yana nan."

Muka bi layi har bayan azahar. Da muka shiga likita ya gane ni, ya tambayi malam. Na ce malam yana makaranta, yau da bakina na zo. Na ce masa ya gyara zama.

Na fara masa daga goyon ciki, lokacin da aka kai ni Toranke haihuwar fari. Aka yi suna, aka yi arba'in, maimakon in koma ɗakina sai na zauna kamar an dasa ni. Jariri yana kuka a cinyata ina jin sa kamar daga wani gari. Mutane suka ce iska ce ta bakin rijiya, aka yi ta hayaƙi. Sai da aka share gonaki sannan na dawo hayyacina. Na ba shi labarin shekarar da ƙwarin darɓa suka cinye gyaɗa, kowa yana kukan gona, ni ina kukan da ban san dalilinsa ba. Na ba shi na takaba, bayan rasuwar maigidana, wanda kowa ya ce baƙin cikin rashi ne, har aka gama takaba da daɗewa ni ban tashi ba. Sannan na ce masa ya buɗe kunne da kyau, don akwai wanda ya fi ba ni tsoro. Wata shekara an yi amfanin gona har rumbu ya kasa ɗauka, yara lafiya, maigida ya yi mini sabon gado, ba abin da na nema na rasa, abin ya zo ya kwantar da ni tun daga kaka har bazara. Tun daga ranar na san ciwon nan ba ya jiran dalili.

Likita ya ajiye biro yana saurare, can ya tuna ya ɗauka ya yi ta rubutu da sauri. Ya tambaye ni tsakanin wannan da wancan ina komawa daidai? Na ce garau, har in fi da. Ya tambaya ko na taɓa tunanin mutuwa. Na ce na sha roƙon Allah ya ɗauke ni in huta, amma ban taɓa nufin kaina da wani abu ba. Ya ce in hakan ya taɓa zuwa mini a rai, ranar nan nan a kawo ni, kada a jira ranar layi. Sannan ya ce, "Akwai lokacin da abin yake juyewa? Ki ji ƙarfi ya yi miki yawa, ki kwana ba barci ba gajiya, ki yi ta magana ba tsayawa, ki yi ta rabon kayanki?"

Taubashiyata ta karɓe. "Likita, maganar dai halinta ne, da shi aka haife ta, kada ka ba ta lamba. Rabon kaya kuwa, wannan ko ƙulin da ya faɗi ƙasa sai ta kakkaɓe ta sayar."

Likita ya yi dariya har da riƙe ciki. Da ya nutsu ya ce, "Iya, duk wannan yana bakinki wancan karon, me ya hana ki faɗa?"

"Wa ka gani a gefena ranar?"

"Ɗanki."

"Na fari."

Ya gyaɗa kai. Ya ce tasa uwar ma har gobe ba ta kiran sunan babban wansu. Ya ja sabuwar takarda ya rubuta abin da ya ji, ya sa hannu, ya ce a kai wa yarinyar inshora. Ya mayar da ni kan ƙwayata tun daga ranar, ya ce amsar Kano za ta biyo baya. Amma ya ƙara da magana biyu. Dole wani a gida ya san alamomin ciwon, don a gane shi da wuri. Kuma inshorar da sunan malam take, duk abin da aka canza saƙo zai shiga wayarsa.

A bakin asibiti na tsaya na yi tunani. Ɗana ya ji labarin uwarsa a bakin waya, daga mutanen da ba su san fuskata ba? Na ce wa taubashiyata mu bi ta gidansa.

Matarsa ta rikice da ganina, don zuwana gidan ba ya da yawa. Ta shimfiɗa mana darduma a ɗakinta, ta kawo fura. Da ya dawo daga makaranta ya durƙusa a bakin ƙofa ya gaishe mu, yana ta tambaya ko lafiya. Na juya fuskata wajen bango, na ce wa taubashiyata, "Ke, faɗa wa mai gidan nan daga asibiti muke."

"Ga shi ga ki, kunnensa biyu, sai na yi muku dillanci? Nawa ne la'adata?"

"Faɗa masa ciwon nan ba bara ya fara ba."

Ta faɗa masa. Ta faɗa har da abin da ban sa ta ba, da ludayin kunu, da hayaƙin da ya kusa ƙona mata gira. Ina jin numfashinsa a bayana. Ya bari har ta gama. Sannan ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Gwaggo, tambayar mini Inna. Haihuwata ce ta jawo mata?"

Wannan ban jira dillaliya ba. Ban juyo ba, bangon nake kallo, amma da ƙarfi na faɗa yadda zai ji. "Shekarar da rumbu ya cika wa aka haifa? Ba kowa. Ciwo ne irin na kowa, yana da lamba a asibiti kamar hawan jini. Ba wanda ya kawo shi. Wanda ya kai ni inda aka san maganinsa dai na san shi, kuma Allah ya yi masa albarka."

Na ji ya ce amin, ya sake cewa amin, ya tashi ya fita da sauri. Taubashiyata ta leƙa ta ce wai malam guda da gemu yana share ido da hular kansa. Na ce ta shanye furarta ta bar mini ɗa.

Amsar Kano ta zo kafin a gama girbin dawa. Sun karɓi sabuwar lambar. Dutsen da ya fara sauka bai kai ga danne ni ba, ya ɗan yi kwanaki yana nauyi, ya ɗage. Tun daga nan kullum da safe ina haɗiye ƙwayata da koko, ina lafiya ko ba na lafiya, kuma kaka ta zo ta wuce, wata ma ta zo ta wuce, kaskona bai yi ƙura ba. Matan unguwa sun san ina shan maganin damuwa, ni na faɗa musu da bakina a wajen tuya, har biyu daga ciki suka biyo ni a gefe suna tambayar ranar da likitan yake zuwa.

Ɗan Kademi ne yake kai ni har yanzu in lokacin ganin likita ya yi. Yana miƙa katin a teburin yarinya mai tabarau, ta dube ni ta ce, "Hajiya mai lamba!" In an kira ni ya raka ni har bakin ƙofa, ya karɓi jakata, ya koma kan benci ya zauna. Ni kaɗai nake shiga.